Tegel da cegła: yadda kalmar Rumawa ɗaya ta rabu biyu a hanya

A ƙasar Holan, abin nan da muke kira tayil, wanda ake shimfiɗawa a daɓen ɗaki ko a manna a bangon makewayi, sunansa "tegel". A Polan kuwa, jan bulon da ake gasawa a yi gini da shi sunansa "cegła". Wanda ya ga kalmomin a rubuce zai iya hango 'yar kama tsakaninsu, amma wanda ya ji su a baki ba zai ce sun haɗa dangi ba. Mutumin Holan yana furta g ɗin tasa daga maƙogwaro, kusa da kha'un Larabci. Mutumin Polan kuma "tsegwa" yake cewa, domin a rubutunsu harafin c ba irin namu ba ne na "ciki" da "cokali", sautin ts yake bayarwa, shi kuma ł mai ɗan kara a jiki yau kamar w ake karanta shi. Duk da haka uwarsu ɗaya, kalmar "tegula" ta Latin, harshen Rumawa.

Bambancin baƙin farko, t a can da ts a nan, ba tuntuɓen harshe ba ne. Shi ne shaidar da ke faɗin wanda ya kai kalmar, da lokacin da ya kai ta, da hanyar da ya bi. Kuma abin da yake faɗi game da Polan ya saɓa wa abin da mutum zai zata. Ƙasa ce da Latin ya yi ɗaruruwan shekaru yana zaman harshen coci da fada da kotu, amma ba daga bakin masu Latin ta karɓi wannan kalma ta Latin ba.

A wajen Rumawa tegula ba bulo ba ce, ba kuma tayil ɗin daɓe ba ce. Abin rufi ce. Ta fito daga aikatau "tegere", wato rufewa, tushen da ya haifi "tectum", rufin ɗaki, da "toga", mayafin da mazajen Rum suke yafawa. Faffaɗan gasasshen yumɓu ne mai leɓe a gefe biyu. Ana jera su a kan itatuwan rufi, leɓen wannan yana jingine da na wancan, sai a kifa wani mai siffar rabin indararo a kan mahaɗar don kada ruwa ya samu ƙofa. Shi wannan na biyun "imbrex" ake ce masa, daga "imber", ruwan sama. Bulo kuwa yana da sunansa daban a Latin, "later". Ke nan ma'anar da kalmar take ɗauke da ita yau a Holan da wadda take ɗauke da ita a Polan, duka biyun ba su ne aka haife ta da su ba.

A shekara ta 98 miladiyya marubucin tarihi Tacitus ya rubuta bayani kan ƙabilun Jamusawa da ke zaune a hayin kogin Rhine. Cikin abubuwan da suka ba shi mamaki har da gidajensu: ya ce ba sa amfani da sassaƙaƙƙen dutse ko tegula, da ɗanyen itace kawai suke komai. Ita wannan kalmar tamu ya rubuta, yana lissafa ta cikin abubuwan da mutanen ba su sani ba. Harshensu ma ya gaskata shi. Tsohuwar kalmar bango a Holanci da Jamusanci, "wand", 'yar'uwar aikatau "winden" ce, wato naɗewa ko saƙawa, saboda bangon nasu tsumagu ne ake saƙawa a yaɓe da laka, a ɗora jinka a kai.

Sai dai a lokacin da Tacitus ke wannan rubutu, abin ya riga ya fara canzawa a bakin iyaka. Kogin Rhine shi ne iyakar Daular Rum a wannan yanki, kuma kudancin Holan ta yau yana cikin daular. Bayan tawayen ƙabilar Batavi na shekarun 69 da 70, Rumawa suka girke runduna ta goma, wadda ake kira Gemina, a Nijmegen. Runduna kuwa ba mayaƙa kaɗai ba ce, tana da maginanta da kafintocinta da masu gasa yumɓu. A wani wuri da ake kira Holdeurn, kusa da garin, sojoji sun kafa babbar matoya, suna gasa kayan rufi da bulo, suna buga wa kayan hatimin rundunarsu tun yumɓun yana ɗanye. Har yau masu haƙar kayan tarihi suna tono irin waɗannan gutsattsari, kuma da hatimin suke gane wace runduna ta zauna a ina. Kudu da can, a bakin kogin Maas, akwai garin Tegelen mai yumɓu mai kyau, inda aka gano ragowar matoyun Rumawa, kuma ana danganta sunan garin kansa da tegula.

Mutanen wurin su ne leburori, su ne masu kawo itacen wuta, da yawansu ma sun shiga aikin soja sun dawo gida bayan shekaru. Wanda ya koyi aiki a hannun mai aiki, da sunan da ubangidansa ke kiran kayan yake kiransu. Shi ya sa tegula ba ita kaɗai ta shiga ba, ayari guda suka shigo. Duba gidan mutumin Holan daga ƙasa zuwa sama: "kelder", ɗakin ƙarƙashin ƙasa, daga "cellarium", "muur", bangon gini, daga "murus", "kalk", farar ƙasar shafe, daga "calx", "venster", taga, daga "fenestra", "kamer", ɗaki, daga "camera", "keuken", madafa, daga "coquina", "zolder", ɗakin can sama ƙarƙashin rufi, daga "solarium". In ya fita waje ya taka "straat", ita ma daga "strata" take, hanyar da aka shimfiɗa wa dutse. Babu ɗaya daga cikinsu da ta shigo ta littafi. Mutanen da suka are su ba sa karatu.

Yanzu ga inda hanyar ta rabu. Bayan ikon Rum ya gushe daga bakin Rhine a ƙarni na 5, wani sauyi ya faru a bakin Jamusawan kudu, mazauna tuddai da duwatsu, wanda ya kammala kafin ƙarshen ƙarni na 8. Wasu baƙaƙe suka canza sauti a dukkan kalmomin da suke ciki. T na farkon kalma ya koma ts, wanda suke rubutawa da z. P ya koma pf. K na tsakiyar kalma ya koma kh. Mutanen arewa, mazauna shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku, wato kakannin Holanci da Jamusancin arewa, sauyin bai taɓa su ba. Ingilishi ma, da ya riga ya tsallake teku, bai taɓa shi ba. Shi ya sa goma a Holanci "tien" ce, a Jamusanci "zehn". Harshe "tong" ne a nan, "Zunge" a can. Lokaci "tijd" a nan, "Zeit" a can. Masana sun zana layi a taswira da ya ratsa Jamus daga yamma zuwa gabas, suna kiransa layin Benrath, da sunan wata unguwa ta Düsseldorf inda ya tsallake Rhine: arewa da shi ana cewa "maken", kudu da shi "machen".

Irin wannan sauyi ba ya tambayar kalma asalinta. Duk wadda ya tarar a cikin gida, haifaffiya ko baƙuwa, sai ya taɓa ta. Ya tarar da tegula ta riga ta zauna, sai ya mai da ita "ziagal", daga baya ta zama "Ziegel". Haka ya yi wa "planta" ta zama "Pflanze", ya yi wa "piper" ta zama "Pfeffer", alhali Holanci ya riƙe "plant" da "peper". Wadda ta zo bayan ya wuce kuwa ta tsira. Misali mafi daɗi shi ne "tabula", allo ko faifan katako, wadda Jamusanci ya ara sau biyu. Aron farko sauyin ya riske shi, ya zama "zabal", allon wasan dara. Aro na biyu ya zo a makare, ya zauna da t ɗinsa, shi ne "Tafel". Da irin wannan ma'auni ne ake iya cewa da tabbaci Ziegel tsohon aro ne na zamanin Rumawa, ko da babu wata takarda ta wancan lokaci da ta rubuta shi.

Wani abin mamaki ya biyo baya. Kalmar ta rayu, sana'ar kuwa kusan ta mutu. Ɗaruruwan shekaru bayan tafiyar Rumawa ba a cika gasa bulo a arewacin Turai ba. Mai son gina coci sai ya je kangon Rumawa ya kwaso tsofaffin bulo da kayan rufi ya sake aiki da su. Sai a ƙarni na 12 sana'ar ta farfaɗo, kuma 'yan zuhudun Kirista na cikin waɗanda suka yaɗa ta. A Friesland, arewacin Holan, gidan zuhudu na Klaarkamp na ɗariƙar Cistercian yana cikin wuraren da ake ambata, kuma har yau manyan bulon wancan zamani "kloostermoppen" ake ce musu, da sunan gidajen zuhudun. Dalilin da ya sa bulo ya karɓu a wurin a fili yake. Yawancin ƙasar ba ta da dutsen gini, amma koguna sun jibge mata yumɓu, fadamunta kuma suna ba da wata ƙasa da in ta bushe take ci da wuta. Gobara ta ƙara tura mutane. Amsterdam ta ƙone a 1421, ta sake ƙonewa a 1452, hukumomin birane suka riƙa kafa dokokin da ke matsa wa mutane su bar bangon katako da jinka.

A nan ne ma'anar ta fara yawo. Duk abin da aka gasa da yumɓu don gini yana fitowa daga matoya ɗaya, a hannun mutum ɗaya, don haka suna ɗaya ya riƙa rufe su duka. A Jamusanci Ziegel ya ɗauki bulo da abin rufi a tare, har yau in ana son bambancewa sai a ƙara wata kalma a gabansa. Holanci kuwa ya rarraba aikin. Bulo ya zama "baksteen", gasasshen dutse. Abin rufi ya zama "dakpan". Wata tsohuwar siffa ta kalmarmu, "tichel", ta riƙe ma'anar bulo a wasu yankuna, daga gare ta aka sami sunan iyali Tichelaar, mai gasa bulo, wanda wani tsohon kamfanin tangaran a garin Makkum ke amsawa, kamfanin da ke ƙirga tarihinsa daga 1572. Ita tegel sai ta sauko daga kan rufi ta koma daɓe da bango.

Saukowar ta yi mata rana. A farkon ƙarni na 16 wasu masu tangaran daga Italiya suka zauna a birnin Antwerp, cikin Beljiyam ta yau, suna yin tayil mai farin shafe da zane. Da sojojin Sifaniya suka ci birnin a 1585, masu sana'a da yawa suka yi hijira arewa. Sai kamfanin fatauci na Holan da aka kafa a 1602 ya fara shigo da tangaran na Sin mai fari da shuɗi, mutane suka ruɗe a kansa, masu tayil suka kwaikwayi launin. Wannan ne asalin tayil ɗin da duniya ta sani da sunan garin Delft, ko da yake da yawansa a Rotterdam da Harlingen da Makkum da Utrecht aka yi shi. Ya shiga rayuwar mutanen har suka sami kalmar "tegeltjeswijsheid", hikimar kan tayil, wadda suke kiran irin gajerun maganganun da ake rubutawa a tayil a rataye a bango, kuma akwai ɗan ba'a a cikin kalmar. A 'yan shekarun nan ma har gasa garuruwansu ke yi ta ɓamɓare tayil ɗin tsakar gida a shuka ciyawa da furanni, don ƙasa ta samu shan ruwan sama.

Labarin Polan daban ne tun daga tushe. Rundunar Rum ba ta taɓa kafa sansani ta zauna a bakin Vistula, babban kogin ƙasar, ba. 'Yan kasuwa sun riƙa ratsa ƙasar zuwa tekun Baltik don sayen wani daskararren ƙaro mai ruwan zuma da ake abin wuya da shi, amma ɗan kasuwa mai wucewa ba ya gina matoya. Latin bai shiga Polan sosai ba sai da sarki Mieszko na Ɗaya ya karɓi Kiristanci a 966, ta hannun maƙwabtansa Cekawa na Bohemiya, ƙasar matarsa. Daga nan kalmomin addini suka kwararo, mafi yawa ta harshen Cek: "kościół", coci, wadda asalinta "castellum" ce, ƙaramar ganuwa, "klasztor", gidan zuhudu, 'yar'uwar "klooster" ta Holanci, duka daga "claustrum". Limamai suna addu'a da Latin, magatakardan fada suna rubutu da Latin, kuma sun san kalmar tegula sarai.

To, da a ce daga bakinsu kalmar ta fito, da t za ta fara. Ba zato ba ne, domin akwai ƙasar da hakan ya faru. A Hungari, wadda ta karɓi Kiristanci kusan lokaci ɗaya da Polan, bulo "tégla" ne, kai tsaye daga Latin. A Polan kuwa ts ne, sautin da babu wanda ya sa wa kalmar sai Jamusawan da ke kudu da layin Benrath. Wannan sauti ɗaya ya isa ya cire limamai daga lissafi ya nuna magina.

Tarihi ma ya nuna su. A ƙarni na 13 sarakunan yankunan Polan suka riƙa gayyatar baƙi daga yamma su zo su kafa garuruwa, su yi sana'a, su biya haraji, a kan tsarin dokar birnin Magdeburg na Jamus wadda ke ba gari ikon gudanar da kansa. Yankin Silesia ne ya fara, garin Złotoryja ya sami irin wannan izini a 1211. Bayan harin Mongol na 1241, wanda ya bar garuruwa da yawa a toka, abin ya ƙara ƙarfi: Poznań a 1253, Kraków a 1257, Wrocław a 1261. A wannan ƙarnin ne ginin jan bulo ya kafu a ƙasar. Cocin Waliyyi Yakubu da ke Sandomierz, wanda aka fara wa 'yan ɗariƙar Dominikan a 1226, yana cikin tsofaffin gine-ginen bulo da suka rage. Baƙin nan sun zo da kayan aikinsu da sunayen kayan, kuma Polanci ya kwashi ayari guda kamar yadda Holanci ya yi shekara dubu kafin nan: "ratusz", zauren majalisar gari, "burmistrz", magajin gari, "rynek", dandalin kasuwa, "warsztat", wurin sana'a, "dach", rufi, da "mur", bango, wato dai "murus" ɗin nan na Rumawa da mutumin Holan ke kira "muur". Akwai maganar da duk ɗan makaranta a Polan ya haddace game da sarki Kazimierz Babba, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1370, cewa ya tarar da ƙasar ta katako ya bar ta ta ginin bango. Kalmar da ke nufin ginin bango a cikin maganar, "murowana", ita kanta aro ce daga Latin ta hannun Jamusawa.

Akwai wata tambaya da mai lura zai yi. Manyan gine-ginen bulo na ƙasar a arewa suke, a bakin teku: fadar Malbork, wadda dakarun ɗariƙar Teutonic suka fara a ƙarshen ƙarni na 13 kuma suka mayar hedikwatarsu a 1309, da cocin Maryama na Gdańsk da aka fara a 1343 aka gama a 1502. Gdańsk kuwa birni ne na ƙawancen fatauci na Hansa, wanda harshensa Jamusancin arewa ne, inda ake cewa "tegel" kamar a Holan. Daga bakin waɗannan fatake ne ma Suwidin ta sami "tegel", Denmak ta sami "tegl". Me ya hana Polan samun irin tasu? Amsar ita ce cibiyar Polanci a lokacin ba bakin teku ba ce. Kraków da Poznań da Silesia ne, kuma baƙin da suka zauna a can masu karin tsakiyar Jamus ne, masu ts. Su dakarun Teutonic ɗin ma da karin tsakiya suke rubuta takardun mulkinsu. Harshen Cek ya sami "cihla" daga tushe ɗaya. Girman gini ba shi ke zaɓar wa harshe kalma ba, wanda kake cuɗanya da shi kullum a wurin aiki shi ke zaɓa.

Mu ma muna da irin wannan hatimi a bakinmu. Kalmar "kasuwa" asalinta "suƙ" ce ta Larabci, amma wancan ka na farko ba na Larabci ba ne, ba kuma namu ba ne, na Barebari ne, waɗanda ke cewa "kasugu". Malamanmu sun san "suƙ" a littafi tun da daɗewa, amma ba tasu ce ta shiga bakin jama'a ba, ta fataken da suka biyo ta Borno ce.

Abu biyu a jikin cegła na iya yaudarar mutum ya ɗauka kai tsaye daga Latin ta zo. Na farko ƙarshenta: ta ƙare da a, kuma tamata ce, daidai da tegula, alhali Ziegel na Jamusancin yau namiji ne. Amma Polanci ya saba yi wa kalmomin aro irin wannan ɗinki don su shiga sahun sunayensa na tamata masu ƙarewa da a, don haka wasalin ƙarshe ba ya iya zama hujja a kan baƙin farko. Na biyu harafin c kansa. Dalilin da ya sa Polanci ke rubuta ts da c shi ne limaman tsakiyar Turai haka suke furta c na Latin in ya zo kafin e ko i. Ke nan alƙalamin na masu Latin ne, sautin na magina.

Da ta zauna, sai ta hayayyafa. "Cegielnia" ita ce matoyar bulo, kuma ƙauyuka da yawa suna amsa wannan suna. "Ceglasty" launin jan bulo ne. "Cegiełka", ɗan ƙaramin bulo, ita ce takardar da ake saye don ba da gudummawa ga wani aikin alheri. Ɗalibi in ya ce littafi cegła ne, yana nufin ƙato ne mai gundura. Daga cikin sunayen iyali akwai Cegielski, ɗan'uwan Ziegler na Jamus da Tyler na Ingila. Mafi shahara da sunan shi ne Hipolit Cegielski, wanda malamin harsuna ne a Poznań kafin hukumomin Prussia, daular Jamusawa da ke mulkin garin a lokacin, su kore shi daga koyarwa a 1846, ya buɗe shagon kayan ƙarfe da ya girma ya zama babbar masana'anta. Ma'aikatan wannan masana'anta ne suka fara yajin aikin 28 ga Yuni 1956 da ya zama boren farko mai girma a kan gwamnatin kwaminisanci ta ƙasar. Ga ƙasar da ta sha wuya a hannun Jamus, kuma aka sha yunƙurin tsarkake harshenta daga kalmomin Jamusanci, babu wanda ke jin cegła a matsayin baƙuwa. Bayan 1945, lokacin da birnin Breslau na Jamus ya koma hannun Polan ya zama Wrocław, an yi ta rushe kangayen birnin ana loda miliyoyin bulo a jirgin ƙasa zuwa Warsaw don sake gina ta.

Shi kuma abin rufin, wanda shi ne mai sunan na asali, a duka ƙasashen biyu an ƙwace masa suna an ba shi wani. Polanci na ce masa "dachówka", Holanci "dakpan". "Dach" da "dak" ba aro ba ne daga Latin, haifaffun kalmomin Jamusawa ne, amma in aka bi salsalarsu can baya, tushensu ɗaya da "tegere". Ɗan'uwa na nesa ne ya gaje kujerar. Akwai kuma wata 'yar'uwa da ta shigo Polan ta wata ƙofa, "tygiel", kaskon da maƙera ke narka ƙarfe a ciki, daga "Tiegel" na Jamusanci. Ita ma zuwa tegula take komawa, amma da ma'anar kaskon suya, wadda ake ganin ta samu ne daga wata kalmar Girkanci mai kama da ita. Italiyanci ya raba su sarai, "tegola" ta rufi, "teglia" ta gashi.

Mutanen Holan da na Polan sun zo sun haɗu ido da ido, amma a makare. A ƙarni na 16 da na 17 jiragen Amsterdam suka riƙa cika tashar Gdańsk suna ɗaukar hatsi, magina daga yankin Holan suka yi aiki a birnin, manoma 'yan ɗariƙar Mennonite daga can suka zauna a fadamun bakin Vistula suna janye ruwa daga gonaki. Sun zo da wani abin rufi mai lanƙwasa biyu, wanda ya haɗa aikin tegula da na imbrex a jiki ɗaya, kuma har yau magina a Polan "holenderka" suke ce masa, wato 'yar Holan. Tayil mai fari da shuɗi ma ya zo. A fadar Nieborów, yamma da Warsaw, bangon matakala da samansa duk a lulluɓe suke da tayil ɗin Holan na ƙarni na 18. Amma kalmar tegel ba ta sami wurin zama ba. Masu gidan "kafle" suka kira su, jam'in "kafel", daga "Kachel" na Jamusanci, wadda ita ma daga wata kalmar Latin take mai nufin tukunya, saboda tayil ɗin farko da ake gina murhun ɗumama ɗaki da su masu rami ne kamar tukwane. Mutumin Holan ma yana da "kachel", sai dai shi murhun gaba ɗaya yake nufi. Wannan karon ɗaya ya riƙe ɓangare, ɗaya ya riƙe dukan abin.

Kowace daga cikin siffofin biyu ta ci gaba da tafiya da hatiminta. Mai t ta hau jirgin ruwa. A Indunusiya, wadda Holan ta mulka, ana ce wa tayil ɗin daɓe "tegel". A Afirka ta Kudu, harshen Afrikaans, ɗan Holanci, ya haɗiye g ɗin ya bar "teël". Ingilishi ya daɗe da haɗiye nasa, tsohuwar "tigele" ta zama "tile", kuma daga nan muka sami tayil ɗin da birkilolinmu ke mannawa a Kano da Zariya. Mai ts kuwa ta bi ta ƙasa. Sabiyawa da Kuroshiyawa suna cewa "cigla". Romaniya, wadda harshenta ɗan Latin ne na cikinsa, ta karɓi kalmar kakanta daga hannun baƙi da ts ɗin Jamusawa a goshi, tana cewa "țiglă". Daga Polan ta shiga Yukren da Belarus, ƙasashen da suka yi ƙarnuka ƙarƙashin sarauta ɗaya da Polan, inda bulo "tsehla" ne. A nan ta tsaya. A Rasha bulo "kirpich" ne, daga harsunan Turkawa, siraran bulon tsofaffin cocinsu kuma "plinfa" ake ce musu, daga Girkancin maginan Bizantiya.